Futurus

Futurus (sifa, daga harshen Latin): abin da zai kasance, wato abin da bai auku ba tukuna amma ana sa ran aukuwarsa. An gina kalmar daga aikatau mai ma'anar "kasancewa", kuma ita ce tushen futur a Faransanci da futuro a harsunan Italiya da Sifen da Fotugal, sannan Ingilishi ya aro ta daga Faransanci a ƙarni na 14.

Sai dai ba da ita kaɗai harsunan Turai suke kiran lokaci mai zuwa ba, domin da yawansu sun gina tasu kalmar a kan aikatau "zuwa", kamar dai lokacin ne yake tahowa ya riski mutum. Haka Zukunft take a Jamusanci da toekomst a harshen Holan, haka kuma avenir a Faransanci da porvenir a Sifaniyanci. Bafaranshe ya fi amfani da avenir idan yana maganar makomar ɗansa ko ƙasarsa, yayin da ake amfani da futur a nahawu, inda take nufin sigar aikatau mai nuna aikin da ba a yi ba tukuna. Bajamushe ma a darasin nahawu kawai yake cewa Futur. Mutanen Suwidin kuwa framtid suke cewa, wato "lokacin gaba".

Daga tushen futurus aka samo Futurismo, sunan mazhabar fasahar da marubucin Italiya Marinetti ya shelanta a jaridar Le Figaro a 1909.