Injin Ban Ruwa da Injin Gem: Yadda Tarihi Ya Koya wa Kano Auna Tsadar Na'ura

A watan Nuwamba na 2025, kamfanin Valve na Amurka ya sanar da cewa zai sake fito da Steam Machine, wata ƙaramar kwamfuta mai siffar akwati da ake haɗawa da talabijin a falo domin buga gem. Sanarwar ta tayar da tsohuwar muhawara: shin irin waɗannan ƙananan kwamfutoci sun cancanci kuɗin da ake zubawa a kansu? A Turai da Amurka, ana auna amsar ne da ƙarfin injin da kyawun hoto. Ma'aikacin da ke karɓar albashi da naira yana buƙatar wani ma'auni daban, kuma ba sai ya je nesa nemansa ba. Yankin noman rani na Kura da Bunkure da maƙwabciyarsu Dawakin Kudu ya shafe rabin ƙarni yana sayen injuna masu tsada, yana gane wanda ya biya da wanda ya zama asara.

Lokacin da naira ke da nauyi

Shekarar 1977 mafari ce mai kyau. A shekarar ne gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, domin samar da likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jihar. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda daga baya ya shahara da nazarin finafinan Hausa, a kan waɗannan makarantu ya yi binciken digirinsa na uku. A shekarar ne kuma kamfanin Atari ya fitar da injin gem ɗinsa na gida, wanda aka fi sani da Atari 2600, a kan dala 199.

A lokacin, naira ɗaya ta kai kimanin dala ɗaya da rabi. Kuɗin man fetur na shigowa, ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya cika gidajen ma'aikata da rediyo da firji da talabijin. Lokacin da aka kafa mafi ƙarancin albashi na naira 125 a 1981, darajarsa ta kusan dala 200. Wato albashin wata ɗaya na ƙaramin ma'aikaci ya yi daidai da farashin injin gem a ƙasar da aka ƙera shi.

A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, lokacin da dala ta haura naira 1,500. PlayStation 5, wadda aka fitar a 2020 a kan dala 499, ta kama kusan naira 750,000 tun kafin a saka kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Albashin fiye da wata goma ke nan. Tsakanin waɗannan lissafai biyu akwai tsarin SAP na 1986 da sakin darajar naira a watan Yuni na 2023. Duk wata magana kan araha ko tsadar na'urar da ake shigowa da ita daga waje, daga nan take farawa.

Darasin da gona ta bayar

An gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako. Daga nan aka ja ruwa ta magudanai zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda aka tsara noma hekta 22,000 a kashin farko. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta karɓi ragamar aikin. Tsari ne da aka gina a kan manyan injuna, alhali yawancin manoman ƙananan filaye suke nomawa. Babu manomi mai eka ɗaya ko biyu da zai sayi tarakta domin aikin kwana ɗaya a shekara. Saboda haka tarakta ta zama abin haya: mutum ya biya kuɗin sa'o'in da yake buƙata, ta wuce gonar gaba. Idan kuma ta lalace babu kayan gyara, sai ta kwanta ta yi tsatsa.

Injin da ya shiga hannun talaka shi ne ƙaramin injin ban ruwa mai amfani da fetur, wanda ya yaɗu a fadamu tun daga shekarun 1980 ta hannun hukumar KNARDA, ya kori jigo. Abubuwa uku ne suka ba shi nasara. Mutum ɗaya zai iya mallakarsa, ya ɗora shi a babur. Bakanike na bakin kasuwa zai iya kwance shi ya mayar. Kuma bai dogara da wutar NEPA ba. Da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, manoma da dama sun mayar da injunansu masu aiki da iskar gas ko sun koma ga famfon sola. Na'urar da ake iya juya ta ta bi yanayi, ita ce ta daɗe.

Daga wannan tarihi tambayoyi uku suka fito, waɗanda duk manomin shinkafa ko tumatir a Kura yake yi kafin ya fitar da kuɗi: sa'o'i nawa injin zai yi yana aiki, wa zai gyara shi idan ya tsaya, kuma da me zai tashi?

Nishaɗi ma da haya ya fara

Na'urorin nishaɗi sun bi wannan hanya tun kafin ta gona. An buɗe gidan silima na Rex a Kano a 1937, sannan Palace a 1951, wanda buɗe shi a cikin birni ya jawo taƙaddama mai zafi. Rediyo ya iso Kano a 1944 ta hanyar waya, kuma jama'a da yawa a lasifikar dandali suka fara jin sa. Majigi kuwa a mota yake zagayawa, ya kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi. Brian Larkin ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa Signal and Noise na 2008. Duk waɗannan na'urori ne da jama'a suka more ba tare da kowa ya mallake su shi kaɗai ba.

Bidiyo ma haka ya shigo. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, finafinan Hausa sun yaɗu ta shagunan hayar kaset da gidajen kallo, kafin injin bidiyo ya yi arahar da zai shiga ɗakin amare. Da tauraron ɗan'adam ya kawo wasannin Firimiya na Ingila, gidan kallon ƙwallo ya zama sana'a a birni da ƙauye. A gefensa ne gidan gem ya tsiro: shago ko rumfa, benci, janareta, talabijin biyu ko uku, da PlayStation. Ana biya ne a kan kowane wasa, wanda aka ci ya miƙa wa na bayansa.

PlayStation 2, wadda ta fito a 2000 kuma aka sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, ita ce ta zama ƙaramin injin ban ruwa na wannan sana'a. Ana samun ta ta hannu da sauƙi, masu gyara sun laƙanci cikinta, ba ta buƙatar intanet, kuma ƙaramin janareta yana ɗaukarta. Ta ci gaba da aiki a shagunan Kano shekaru da dama bayan Turai ta ajiye ta.

Akwai kuma batun gida. Kalmar falo kanta tana ɗauke da zato: iyali kaɗan, babbar talabijin ɗaya, da wuta dare da rana. Gidan Bahaushe na gargajiya zaure yake da shi da tsakar gida, wasan samari kuma a waje ake yinsa, ko dara a gindin bishiya ko langa a dandali. Gidan gem ya dace da wannan tsari fiye da na'urar da aka ƙera domin mutum ɗaya a kan kujera. Wannan ba ya nufin iyaye da malamai sun yi na'am da shi. Ƙorafin cewa yana ɗauke hankalin yara daga makarantar boko da ta Islamiyya tsoho ne, kuma shi ne yake sa iyaye masu hali tunanin kawo injin cikin gida, inda ido zai kai.

Abin da ya kayar da na baya

Ko a ƙasashen da suka ƙera su, na'urorin falo masu tsada sun sha faɗuwa. A 1993 an fitar da 3DO a kan dala 699, ta rasa masu saye, PlayStation ta farko ta zo Amurka a 1995 a kan dala 299 ta mamaye kasuwa. Dalilin yana cikin tsarin cinikin. Kamfani irin Sony yana iya sayar da injinsa da riba kaɗan, ko ma da asara, domin yana karɓar kaso daga kowane gem da aka saya. Mai haɗa kwamfuta kuwa daga jikin na'urar kaɗai yake cin riba.

Wannan ne ya karya Steam Machine ta farko a 2015. Wasu kamfanoni irin su Alienware ne suka ƙera ta, farashinta ya fara daga dala 449, lokacin da PlayStation 4 take dala 349. Ga shi kuma manhajarta ta SteamOS, wadda aka gina a kan Linux, ba ta ɗaukar yawancin wasannin da aka yi domin Windows. Zuwa 2018 maganarta ta mutu. A shekarar Valve ya fito da Proton, manhajar da ta warware mafi yawan wannan matsala, sannan Steam Deck ta hannu ta fito a 2022 a kan dala 399 ta samu karɓuwa. A kan wannan nasara aka gina sabon yunƙurin.

Tambayoyin manomi

Idan aka ɗora ƙaramar kwamfutar falo a kan ma'aunin Kura, hoton yana fitowa sarai.

Da me za ta tashi? Injin da ke jan wat 200 tare da talabijin mai jan 100, idan suka yi sa'o'i uku kullum, za su ci kimanin yunit 27 a wata. A farashin naira 225 da aka sanya wa rukunin Band A a watan Afrilu na 2024, kusan naira 6,000 ke nan. Wannan ba shi ne nauyin ba. Nauyin shi ne rashin wutar da hawa da saukarta, wanda ke tilasta sayen inbata da batir da faifan sola. Manyan wasanni kuma sukan haura gigabait 100 kafin a sauke su.

Wa zai gyara ta? Ƙanƙantar jiki tana da farashi. Ana cusa kayan ciki a matse, ana liƙe wasu da allon injin yadda ba a iya canza su. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 da ƙurar hunturu abokan gabar ƙaramar fanka ne. Kwamfutar tebur ta yau da kullum, ana iya canza mata sashe ɗaya a titin Beirut a ci gaba da aiki. PlayStation ma tana da masu gyara da kayan gyara a Kano, saboda yawanta.

Sa'o'i nawa za ta yi? A nan akwai abin da mai saye ya kamata ya sani: wasan ƙwallo na EA Sports FC, magajin FIFA, ba ya aiki a kan SteamOS saboda manhajar hana maguɗi da ke cikinsa. Ga mai gidan gem a Dawakin Kudu ko Bunkure, wanda ƙwallo ce jarinsa, wannan kaɗai ya rufe magana. Sauran lokutan wasan matasa kuwa, wayar hannu ta riga ta kwashe su.

Duk da haka akwai wanda za ta yi wa rana. Mutumin da ya riga ya kafa sola a gidansa, yake da intanet mai ƙarfi, kuma ya tara wasanni a Steam inda ake yawan karya farashi, zai iya mayar da kuɗinsa a hankali. Fifikonta na gaskiya a kan PlayStation shi ne cewa kwamfuta ce cikakkiya: da rana yaro zai koyi rubuta manhaja ko zane a kanta, da dare ya buga gem. Idan ta yi aiki biyu, sa'o'inta sun ninka, lissafin ya canza. Hausawa na cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida, amma nagarta a nan ba ta tsaya ga ƙarfin injin ba. Ta haɗa da wutar da ke gidan, da bakaniken da ke garin, da yawan hannuwan da za su taɓa na'urar. Wanda bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, PlayStation ta hannu ko kwamfutar tebur da ake iya gyarawa za ta fi yi masa amfani, ragowar kuɗin kuma ya tafi ga batir.