Rigar Ƙwayoyin Nono: Gurbin Ƙaro da Rogo

Mai tallan nono da ta taso da sassafe daga rugagen gefen dajin Rugu, ƙwarya a ka, kafin ta kai kasuwar Batsari ko ta Safana rana ta take. Zuwa la'asar nonon ya ƙara tsami. Ƙwayoyin bakteriyar da suka mayar da madara nono ba su daina fitar da asid ba, kuma asid ɗin nan shi ke cin su. Waɗanda suka kai bakin mai sha, asid ɗin ciki na jiran su, bayansa ga ruwan matsarmama.

A 2001 ƙwararrun hukumomin FAO da WHO suka fayyace cewa furobayotik rayayyun ƙwayoyi ne masu amfanar lafiya idan an sha su da isasshen yawa. Sharuɗɗa biyu ke nan, rai da yawa, kuma ma'aunin da aka fi ambata shi ne aƙalla ƙwaya miliyan 1 a kowane giram. Don haka masana suka koma ɗinka musu riga. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce a cuɗa ƙwayoyin da aljinet, wanda ake tatsowa daga ciyawar teku, a ɗiɗɗiga cikin ruwan kalsiyam, kowane ɗigo ya daskare ya zama ƙwanso kamar ƙwan kifi. A ciki rigar kan ɗaure, sai ta kai hanji ta saki.

Ra'ayina shi ne, a yammacin Katsina bai kamata a fara da aljinet ba. Kayan ƙetare ne, ga shi kuma rigarsa na da ƙofofin da asid ke ratsawa, sai an yi mata linki. Ƙaron da ake ɓamɓarowa a jikin dakwara ya daɗe a hannun masana'antun duniya wajen lulluɓe kayan ƙamshi da mai. Sitacin rogo, amfanin gonar da aka san Batsari da shi, idan an dafa ya huce wani ɓangarensa ba ya narkewa sai a babban hanji, inda yake zama abinci ga ƙwayoyin. Furotin na madara kuwa yana rage kaifin asid. Babu ɗayansu da zai wadatar shi kaɗai. Ƙaro ma narkewa yake a ruwa, dole a haɗa shi da furotin. Aikin bincike yana wurin gano gwargwadon haɗin.

Akwai wata dama da ban ga ana kula da ita ba. A yogot mai santsi, ƙwanson da ya ɗan yi girma harshe kan ji shi kamar yashi, abin da ke tilasta wa kamfanoni ƙanƙanta shi, kariyarsa ta ragu. Fura ba ta da wannan matsala. Gero ne dakakke, mai shan ta ya saba da tsaki-tsaki, ga citta da kanumfari. Ƙwanso mai kauri zai ɓace a cikinta ba a sani ba.

Sai dai riga ba ta gyara komai idan wanda ke ciki bai cancanta ba. Ba kowace ƙwaya mai tsamar da madara ce furobayotik ba. Sai an ware ta, an tantance, an gwada. Kuma madarar da ba a tafasa ba na iya ɗaukar bakkale da tarin fuka, shi ya sa kindirmo, da ake dafa madararsa, ya fi dacewa a fara da shi.

Gaggawar a nan take. Satar shanu da rashin tsaro sun tarwatsa rugage da yawa, kuma kowace ƙwarya da aka bari ta tafi da irin tsaminta, wanda uwa ke ɗiba daga na jiya ta zuba a na yau. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011, maƙwabciyar Safana ce. Tattara waɗannan ire-iren tsami a adana su aiki ne da firiji da ɗalibai kaɗan za su iya somawa a bana.