Daga Bakolori Zuwa Ajin Kwamfuta: Tarihin Na'ura da Ilminta a Ƙasar Mafara



An nemi in yi magana a kan tarihin koyar da ilmin kwamfuta a wannan yanki, watau Talata Mafara da Bakura da Maradun. In an bi lissafin shekaru, tarihin gajere ne. Amma a ganina ba za a fahimce shi sosai ba sai an koma baya kaɗan, zuwa ga babbar na'ura ta farko da aka kawo wa mutanen wannan ƙasa, wadda kuwa ba kwamfuta ba ce. Ina nufin aikin ruwa na Bakolori.

Tsakanin shekarar 1974 da 1978 aka gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, a ƙasar Maradun. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya shi ya yi kwangilar. An shirya shayar da gonaki kimanin hekta 23,000 a waɗannan garuruwa uku, kuma aka raba aikin gida biyu. Kaso mafi girma, wajen kashi biyu cikin uku, an sa masa bututun feshi da injinan turo ruwa masu aiki da wutar lantarki. Sauran kuwa magudanai aka haƙa masa, ruwa na bin gangara da kansa har ya isa gona. Kowa a nan ya san abin da manoma suka gani: an karɓe gonaki, diyya ta yi wuyar samu, kuma a ranar 28 ga watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta, aka rasa rayuka masu yawa. Wannan babi ne da ya cancanci lacca tasa daban. Abin da ya shafi zancenmu na yau shi ne abin da ya biyo baya. Kafin shekarar 2003 bututun feshin nan sun daina aiki baki ɗaya, noman ranin da ya rage a ɓangaren magudanai ya rage, shinkafa ce kuma mafi yawansa. Watau dai ɓangaren da aka fi kashe wa kuɗi, wanda ya dogara ga wuta da kayan gyara da ƙwararru daga waje, shi ya riga mutuwa. Ɓangaren da manomi ya gane yadda yake aiki, har yana iya yashe shi da shebur, shi ya rayu.

To, mu riƙe wannan, mu juya ga kwamfuta. A Nijeriya koyar da ita ya fara ne daga jami'o'i. A 1963 kamfanin IBM ya buɗe cibiyar horarwa a Jami'ar Ibadan. A Arewa kuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce ta yi gaba, kuma cibiyar kwamfutarta tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi wanda ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978, daidai lokacin da ake zuba siminti a Bakolori. Ya kamata ɗaliban yau su san yadda ake koyo a wancan zamani. Ɗalibi ba ya zama gaban allon na'ura. A takarda yake rubuta umarninsa, galibi da harshen FORTRAN, sa'an nan a huda shi a kan katuna, a miƙa wa ma'aikatan cibiya, ya tafi ya jira. In ya kuskure ko da waƙafi ɗaya ne, sai a dawo masa da aikinsa, ya sake bin layi. Saboda tsadar kuskure, dole ya bi umarninsa da fensir mataki-mataki, ya zama shi ne na'urar, kafin ya miƙa. Amma a lura, a ƙarshe na'ura ce ke yanke hukunci, kuma ba ta san ɗan wane ba.

A 1988, zamanin da Farfesa Jibril Aminu yake Ministan Ilmi, Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar koyar da kwamfuta a makarantun sakandare, aka fara da kwalejojinta. Manufar ba ta da aibi a takarda. Inda ta yi tuntuɓe shi ne wajen malamai da wuta da gyara, watau abubuwan nan uku da suka kayar da bututun Bakolori. Yankinmu kuwa sai a 1992 ya sami babbar makarantar fasaha, lokacin da Gwamna Yahaya Abdulkarim na tsohuwar Jihar Sakkwato ya sa hannu a dokar kafa kwalejin kimiyya da fasaha a Talata Mafara. Daga baya aka sa mata sunan Injiniya Abdu Gusau, wanda ya rasu a 1994, kuma ilmin kwamfuta yana cikin fannonin da take ba da difloma a kansu. An ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, wayar salula ta GSM ta shigo ƙasar nan a 2001, jami'ar jiha ta zo Talata Mafara a 2018.

A tsakanin nan akwai shekarar da ba a cika ambata ba, alhali ta sauya yadda iyaye da hukumomi ke kallon al'amarin, ita ce 2015. Daga wannan shekara hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Wannan ya tilasta wa yaron ƙauye ya san madannai, kuma alheri ne. Sai dai ya ƙara ƙarfafa wani ruɗu, cewa wanda ya iya danna amsa da buga wasiƙa ya san ilmin kwamfuta. Iya tuƙin mota daban, sanin injinta daban. Ma'aikatan da ke tsara kasafin kuɗi sun fi ni sanin dalilin da ya sa sayen na'urori hamsin ya fi sauƙin wucewa bisa ga ɗaukar malami ɗaya a riƙe shi shekara goma: na'ura kwangila ce, ana yanka mata kyalle a ɗauki hoto, malami kuwa albashi ne wata bayan wata.

Me ake nufi da ilmin kansa? Shi ne iya tsara hanyar warware matsala daki-daki, ta yadda wanda bai san dalili ba zai bi ya kai ga amsa. Sunan da Turawa ke kiran irin wannan tsari da shi daga sunan Alkhawarizmi aka samo shi, masanin lissafin Bagadaza na ƙarni na 9. Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hanyoyin cika gidajen hatimi da lambobi, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Mu ajiye abin da ake yi da hatimi a gefe, mu dubi lissafinsa kawai. Ga wata sananniyar hanya ta cika mai gida tara, uku a tsaye uku a kwance. Ka sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Kowace lamba ta gaba, ka hau gida ɗaya ka matsa dama gida ɗaya. In ka fita ta sama ka ɓullo ta ƙasa, in ka fita ta dama ka ɓullo ta hagu. In ka tarar gidan a cike, ka sauka ƙarƙashin lambar da ka rubuta yanzu. Ka yi ta maimaitawa har ka kai 9. Ko ta ina ka tara, tsaye ko kwance ko karkace, 15 za ka samu. Wannan hanya ita ce za ta cika mai gida 25 da mai gida 49 ba tare da an sauya mata kome ba. A cikinta akwai jerin matakai, akwai sharaɗi, akwai maimaici, kuma a kan waɗannan uku aka gina kowace manhaja, daga FORTRAN ta 1957 har zuwa Python da ake yayi yau. Haka nan duk malamin da ya iya rabon gado, yana duba wane ne ke nan, wane ya katange wane, sa'an nan ya fitar da asalin mas'ala, irin wannan tunani yake yi. Yaron da ya tashi a garin da ake waɗannan karatu ba daga sifiri zai fara ba, in ya sami mai nuna masa dangantakar.

Shekarar 2021 ta gwada wannan magana gwaji mai ɗaci. A ranar 26 ga Fabrairu aka sace 'yammata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura aka kwashi ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 daga makarantar Kaya a ƙasar Maradun. Gwamnati ta rufe makarantu, aka kuma katse layukan waya da intanet a jihar baki ɗaya, a wasu wurare har tsawon watanni. Duk wani tsarin koyarwa da ya rataya a kan intanet ya tsaya cik a wannan lokaci. Abin da ba a iya katsewa ba shi ne abin da ya riga ya zauna a kan malami da ɗalibi.

Kada a ɗauka ina kare al'adar nan ta koyar da shirya manhaja a kan allo da alli kawai, ɗalibi ya haddace ya zuba a jarrabawa, ya karɓi shahada bai taɓa ganin na'ura ta ƙi aikinsa ba. Wannan rabin tsarin Zariya ne na da, an ɗauki takardar an yar da alƙalin. Ɗalibi yana bukatar na'urar da za ta ce masa ya yi kuskure. Amma ba lalle sai ɗaki mai sanyi da kwamfuta hamsin ba. Tsohuwar kwamfuta ɗaya da farantin hasken rana sun isa a yi layi a kansu, kuma wayar hannu ta zamani, wadda ake iya sa mata Python ta yi aiki ba tare da intanet ba, ta fi injinan da aka koyar da mutanen 1975 ƙarfi nesa ba kusa ba.

Saura batun abin da za a ba ɗalibi ya warware, kuma a nan ma Bakolori na da abin cewa. Da rancen da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 a ƙarƙashin shirin TRIMING, aka shiga gyaran aikin, aka kuma ɗora wa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa wani ɓangare na kula da magudanai da tara kuɗin ruwa. Irin wannan aiki ba ya tafiya sai da rajista: gonar wa ce, hekta nawa, wace magudana ke shayar da ita, ran nawa ruwa ke zuwa mata, nawa ya biya, nawa ake binsa. Rigimar diyya ta 1980 kanta, wani sashe nata rigimar rajista ce, ta wane ne mai wace gona. Ɗalibin difloma na shekara ta biyu a Talata Mafara yana iya rubuta manhajar da za ta riƙe wannan lissafi ga ƙungiya ɗaya, da Hausa, ya kai ta gaban sakataren ƙungiyar a Bakura, a gwada ta da littafin da yake riƙe da shi yanzu, a ga inda suka saɓa.