Lamba Ba Laya Ba Ce: Martani Kan Kayan Ibadar Budurwai Shahidai a Kaduna ta Arewa

Akwai wani ra'ayi da ya zauna daram a tsakanin masu nazarin addini a ƙasar nan, har ya zama kamar ba ya buƙatar hujja. Wai lambar ƙarfen da 'yan Katolika suke ratayawa a wuya, da igiyar da wasu mata suke ɗaurawa a ƙugu da sunan wata waliyyiya, laya ce da guru aka sake wa suna. Tushen ra'ayin sananne ne, wato bayanin Robin Horton na 1971, cewa mutumin Afirka yana son addini ya fayyace masa al'amura, ya hango masa su, ya kuma ba shi iko a kansu. Ba da Horton nake jayayya ba. Da wani abokin aiki nake, wanda ya ɗora wannan ma'auni a kan matan Katolika na Kaduna ta Arewa, ya yanke cewa neman kariya ne kawai ya sa suke riƙe da kayan budurwai shahidai. A ganina, ya zaɓi misalin da ya fi kowane raunana hujjarsa.

Matsayin Coci ba ya buƙatar dogon bayani. Majalisar Nikiya ta biyu, a shekarar 787, ta ce girman da aka yi wa hoto yana komawa ga mai hoton ne, kuma littafin Katikizim, a sakin layi na 2111 da na 2117, ya yi tir da camfi da ɗaura layu. Abokin aikina zai ce wannan zancen littafi ne. To, mu ajiye littafi mu duba kayan kansu.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da baduku ya san yadda laya take haɗuwa. Ana ninke rubutu, a naɗe shi da zare, a rufe da fata, a ɗinke bakin gam. Mai ita sau da yawa bai san abin da ke ciki ba, kuma akan gargaɗe shi kada ya farke. Alkawarinta a fili yake: kambun tauri don kada ƙarfe ya ci, layar zana don kada ido ya gani. Lambar waliyyiya kuwa a buɗe take. Ga fuska, ga suna a zagaye da ita, kuma a hotunan da ake sayarwa a ƙofar coci bayan an tashi Mas, waliyyiyar tana riƙe da reshen dabino, alamar cewa kashe ta aka yi. Agnes, wadda aka kashe a Roma wajen shekarar 304, ba ta wuce shekara 13 ba. Agata ta Kataniya ana zana ta riƙe da faranti mai ɗauke da nonuwan da aka yanke mata. Mariya Goretti tana da shekara 11 lokacin da wani saurayi ya soke ta sau 14 a Italiya a 1902 saboda ta ƙi shi, kuma ta yafe masa kafin ta cika. Anuwarite, 'yar Kongo, 'yan tawayen Simba suka kashe ta a Isiro ranar 1 ga Disamba 1964. Duk cikinsu babu wadda ƙarfe bai ci ba. Da wuya a gane yadda mai neman maganin ƙarfe zai rataya hoton wadda wuƙa ta shige ta, alhali yana jin labarinta a coci duk ranar idinta.

Yanayin Kaduna ma ya ƙara wa maganar nauyi. Bayan rikicin shari'a na 2000 da rikicin Nuwamba 2002, inda Musulmi da Kirista duka suka rasa rayuka masu yawa, garin ya kusa rabewa biyu a bakin kogi, Kirista da yawa suka koma kudu, Musulmi da yawa suka komo arewa. Amma babban cocin Waliyyi Yusufu yana nan a arewa, ga kuma cocin Waliyyiya Rita na Unguwar Yero da ke Malali, wanda ɗan ƙunar baƙin wake ya kai wa hari ana tsakiyar ibada ranar 28 ga Oktoba 2012. A garin da aka taɓa tare mutane a hanya ana tambayar addininsu, abin wuyan da ke bayyana kai wane ne ba ya ɓoye mai shi, tona shi yake yi. Matar da ta san haka ta kuma ci gaba da sawa, mai yiwuwa shaida take bayarwa, ba sulke take nema ba.

Ƙorafin abokin aikina mafi ƙarfi yana kan Waliyyiya Filomina, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. An gano ƙasusuwanta a maƙabartar ƙarƙashin ƙasa ta Firiskila a Roma a 1802, aka kai su garin Muƙnano a 1805. Babu wani tsohon rubutu da ya ba da tarihinta, har a 1961 hukumomin Coci suka cire idinta daga kalandar ibada. Duk da haka igiyarta mai ja da fari, da ƙulli biyu a gefe ɗaya don budurci da shahada, da man da ake shafawa da sunanta, ba su daina yaɗuwa ba. Yana cewa: ga waliyyiyar da tarihinta ya yi ƙaranci, amma sunanta na mai yin mu'ujiza ya cika duniya, to me ake tunawa idan ba biyan buƙata ake nema ba? Ya ƙara da cewa igiya a ƙugun mai ciki da guru a ƙugun mai ciki, wuri ɗaya suke zama, fargaba ɗaya ta ɗaura su.

Rabin wannan gaskiya ne, kuma dole in taƙaita da'awata saboda shi. Ba zan iya cewa babu mai ɗaukar lamba a matsayin magani ba, domin da babu, da limamai ba su riƙa gargaɗi a kai ba. Hujjar da na kawo ta fi tsayuwa a kan Agnes da Agata da Goretti da Anuwarite, waɗanda labarin mutuwarsu shi ne jigon girmama su. A kan Filomina ƙarfinta ya ragu. Sai dai ko a nan, kamannin wuri ba ya nuna kamannin aiki. Neman sauƙin haihuwa buƙata ce ta kowace mace, Musulma ko Kirista, kuma samun buƙata a cikin ibada bai mai da ita tsafi ba. Abin dubawa shi ne wa ake roƙo, kuma me ake yi idan ba a samu ba. A addu'ar kwana tara da 'yan Katolika suke yi, abin da ake nema wurin waliyyiya shi ne ta roƙa wa mutum Allah, hukunci kuwa a bar wa Allah. Layar tauri in ta kasa, sai a ce ta karye, a nemi wani mai ba da magani. Lambar shahidiya ba ta karyewa don mai ita ya sha wuya, tunda wuyar ce aka zana a kanta tun farko.

Akwai kuma wani abin da nake zargin ya kuɓuce wa abokin aikina. Babban bishof na Kaduna, Matthew Man-Oso Ndagoso, kamar sauran takwarorinsa, yana yafa wani farin ƙyalle na ulu a kafaɗa wanda Fafaroma yake bayarwa, kuma bisa al'ada ana saƙa shi da gashin 'yan tumakin da ake sa wa albarka a Roma ranar idin Agnes, 21 ga Janairu. Ban taɓa jin manazarci ya kira wannan laya ba. Sai abu ya sauko wuyan mai sayar da tumatir a Kawo sannan yake samun wannan suna. Ina tsoron cewa matsayin mai sawa muke aunawa, muna zaton addininta muke nazari. Haka kuma ra'ayin bai yi wa laya adalci ba, don ya haɗa ta ayoyin Alkur'ani, wadda malaman Musulunci suka daɗe suna saɓani a kanta, da ta boka a buhu ɗaya.

Saboda haka, abin da hujja ta ba mu damar faɗa ƙanƙane ne amma tabbatacce: siffar waɗannan kaya da kalmomin addu'o'insu suna koyar da jimiri ne, ba tauri ba. Sauran kuwa aikin fage ne da har yanzu yake jiranmu. A je taron Zumuntar Mata Katolika, a zauna da su, a tambayi wadda ta rasa ɗa ko miji ko ta cire lambarta bayan rashin, in kuma ba ta cire ba, me ya hana ta. Kafin a tara waɗannan amsoshi, wanda ya ce laya ce zato yake yi, kuma bai kamata mu ci gaba da koya wa ɗalibai zato a matsayin sakamakon bincike ba.