Tarihin Eddy Merckx, zakaran tseren keke na Beljiyam

Masana harkokin wasanni da dama na ɗaukar Eddy Merckx a matsayin ɗan tseren keken da ya fi kowa shahara a tarihi. Ya samu nasara har sau 525 a tsawon rayuwarsa ta wasa, kuma saboda ƙishirwar nasarar da yake da ita aka yi masa laƙabi da "mai cin naman mutane", wato ba ya rage wa abokan karawarsa komai.

An haife shi ne ranar 17 ga watan Yunin shekarar 1945 a ƙauyen Meensel-Kiezegem na ƙasar Beljiyam. Ya tashi a wata unguwa da ke birnin Brussels, inda iyayensa ke da kantin sayar da kayan masarufi.

A shekarar 1964 ya zama zakaran duniya a ajin waɗanda ba su ɗauki tseren a matsayin sana'a ba. Shekara guda bayan haka ya shiga sahun ƙwararru, kana a 1966 ya lashe tseren Milan zuwa San Remo na Italiya, wanda daga bisani ya cinye har sau 7.

Shekarar 1969

A wannan shekara ce sunansa ya zagaye duniya, amma kuma a cikinta ne ya gamu da jarrabawa mafi tsanani.

Yana kan gaba a gasar Giro ta Italiya aka kore shi a garin Savona, bisa zargin shan ƙwayoyin ƙara kuzari. Merckx ya musanta zargin, kuma an janye dakatarwar da aka yi masa, abin da ya ba shi damar shiga gasar Tour de France a karon farko.

A can ne ya nuna bajintar da har yanzu ake ba da labarinta. A zangon da ya ƙare a garin Mourenx, duk da cewa shi ne ke kan gaba a gasar, sai ya ɓalle shi kaɗai a tsaunukan Pyrenees, ya isa da ratar kusan minti 8.

Ya kammala gasar a birnin Paris ranar 20 ga watan Yuli da ratar kusan minti 18, ya kuma haɗa da kyautar mai yawan maki da ta gwanin hawan dutse. Rabon da wani ɗan Beljiyam ya lashe gasar tun shekarar 1939.

Sai dai a watan Satumba ya yi mummunan hatsari a filin tseren garin Blois na Faransa, inda mai babur ɗin da ke share masa hanya, Fernand Wambst, ya rasa ransa. Merckx ya ji rauni a ƙugu, kuma ciwon baya ya ci gaba da damunsa har ƙarshen wasansa.

Ganiyar nasara

Duk da raunin, ya lashe Tour de France sau 5, wato a 1969 da 1970 da 1971 da 1972 da kuma 1974. Ya ci Giro sau 5, ya kuma ci gasar Vuelta ta Sifaniya a 1973.

A watan Oktoban 1972, a birnin Meziko, ya yi tafiyar kilomita 49.431 cikin sa'a guda, tarihin da ya tsaya har zuwa 1984 lokacin da Francesco Moser na Italiya ya karya shi.

A 1974 ya zama mutum na farko da ya haɗa Giro da Tour de France da kambun duniya a shekara guda.

Faɗuwar tauraro

A gasar Tour de France ta 1975, wani ɗan kallo ya naushe shi a ciki yayin da yake hawan dutsen Puy de Dome. 'Yan kwanaki bayan haka ya faɗi ya karya ƙashin kuncinsa, amma ya ƙi janyewa. Ya ƙare a matsayi na biyu bayan Bernard Thevenet na Faransa, kuma bai sake lashe gasar ba.

Batun ƙwayoyi ma bai rabu da shi ba, domin an sake samunsa da laifi a 1973 da kuma 1977, abin da masu suka ke kafa hujja da shi.

Ya yi ritaya a watan Mayun 1978, sannan a 1980 ya kafa kamfanin ƙera kekuna mai ɗauke da sunansa. A 1996 Sarki Albert na Biyu ya ba shi sarautar Baron. Ɗansa Axel ya gaje shi, har ya samu lambar tagulla a wasannin Olamfik na birnin Athens a 2004.

A 2019 an fara Tour de France daga Brussels domin tunawa da cika shekaru 50 da nasararsa ta farko. Tarihin da ya kafa na lashe zango 34 a gasar ya tsaya har zuwa 2024, lokacin da Mark Cavendish na Birtaniya ya ci na 35.