Tashe da Tsaron Yara a Unguwannin Birnin Kano: Waiwaye a Kan Tarihi

Masu nazarin wasan kwaikwayo na gargajiya sun fi mayar da hankali a kan waƙoƙin tashe da jigoginsu da irin shigar burtun da 'yan wasa kan yi. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne yadda al'umma takan saki 'ya'yanta da dare, su yi ta zaga gidaje har wajen kwana goma, hankalin iyaye kuwa a kwance. Wannan maƙala za ta duba inda wannan kwanciyar hankali ta samo asali a Birnin Kano, da kuma yadda ta raunana.

Kalmar tashe daga "tashi" ta fito, watau tayar da mutane domin yin sahur, aikin da aka fi danganta shi da gwagware. A Kano shugabansu shi ne Nalako, kuma bisa al'ada da izinin fada yake fita. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tun asali tashe wasa ne mai shugaba, wanda hukuma ta san da zamansa.

Lokacin wasan ma abin lura ne. Bahaushe ya kasa azumi gida uku: goman marmari, da goman wuya, da goman ɗokin Salla. A goma ta tsakiya ake tashe, kuma dararen farko na wannan goma su ne na farin wata sosai. A garin da babu fitilar titi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ana ganin fuskar mai tahowa tun daga bakin lungu. Yara kuma sukan fita ne bayan an sha ruwa, sa'ad da magidanta ke zaune a dakali ko suna kai da komo tsakanin gida da masallaci.

Haka kuma wasan ya raba maza da mata. 'Yan mata masu yin Samodara ko Mairama da Daudu cikin gida suke shiga, su yi wasansu a gaban matan aure, su kuwa samari masu Jatau Mai Magani ko Macukule a ƙofar gida da dandali suke tsayawa. Wanda zai ba da sadakar tashe, hatsi ne ko kwabo, yakan dubi yaran ya san 'ya'yan gidan wane ne. A ganina nan ne ƙashin bayan tsaron yake. Yaron da ya yi rashin kunya a lungun da aka san ubansa, kafin ya koma gida labari ya riga shi, kuma duk babban da ya tsawata masa ba ya tsoron a ce ya yi shisshigi. In abu ya fi ƙarfin dattawan lungu sai a kai wa mai unguwa, shi kuma yana da na gaba da shi har zuwa fada, inda dogarai suke, daga baya kuma 'yan dokar En'e.

Sauyi ya zo ta hanyoyi da dama, amma siyasar jam'iyyu ce ta fi yin tasiri. Bayan kafa NEPU a 1950, hamayyarta da NPC ta sa kowane ɓangare ya nemi ƙarti masu kare taronsa, aka ɗebo su daga cikin 'yan tauri da 'yan farauta, waɗanda dama suna da gaba tsakanin unguwa da unguwa. A Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, abin ya ƙara ƙamari. Da siyasa ta lafa, 'yan daba ba su watse ba. Iyakar unguwa wadda a da take kare yaro sai ta zama fagen daga, ayarin tashe da kiɗan gangi kuwa suka zama mafaka ga mai neman ɗaukar fansa.

A daidai wannan zamani ne kuma ikon masu unguwanni ya ragu. An narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya a mulkin Janar Yakubu Gowon, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zare yawancin ikon zartarwa daga hannun sarakuna. Gari kuma ya tsallake ganuwa, aka sami sababbin unguwanni na 'yan haya, inda maƙwabci bai san sunan ɗan maƙwabcinsa ba, balle ya tsawata masa.

Jama'a ba su naɗe hannu ba. Unguwanni sun kafa ƙungiyoyin 'yan sintiri da kuɗin karo-karo, gwamnatin jiha kuma ta kafa Hukumar Hisba da doka a 2003. Sai dai ɗan sintiri ɓarawo yake fako, ba rakiyar 'yan tashe aka ɗauke shi ba. A 2022 da 2023 rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta ba da sanarwar dakatar da tashe, bisa dalilin cewa ɓata-gari na fakewa da shi suna faɗan daba da ƙwacen waya da shaye-shaye. Dalilin yana da ƙarfi, kuma ba wanda zai raina fargabar iyaye. Amma hanin bai bambanta ɗan daba mai wuƙa da 'yar shekara bakwai mai ƙwarya da ludayi ba, kuma daga hedkwatar 'yan sanda da ke Bompai ya fito, ba daga zauren wani mai unguwa ba.