George Wythe: Malamin lauyoyin Amurka da dokar jiharsa ta kasa bi wa haƙƙi

A ranar 8 ga watan Yunin 1806 ne George Wythe ya rasu a birnin Richmond na jihar Virginia, yana da kimanin shekara 80, bayan ya yi mako biyu yana jinya. Kafin ya cika ya shaida wa na kusa da shi cewa guba aka sa masa.

An haifi Wythe a 1726, lokacin da Virginia ke ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, don haka mahaifiyarsa ce ta fara karantar da shi. Ya soma aikin lauya a 1746, sannan ya shiga majalisar dokokin Virginia da ke Williamsburg a 1754. Shekara goma bayan haka, shi ya rubuta takardar ƙorafin da majalisar ta aika Landan kan shirin ƙaƙaba wa Amurkawa harajin hatimi.

Yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar ayyana 'yancin kan Amurka ta 1776. A 1777 ya zama kakakin majalisar wakilan Virginia, daga bisani kuma alƙali.

Sai dai an fi tunawa da shi a matsayin malami. A hannunsa Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya karanci shari'a. A 1779 Kwalejin William da Mary ta naɗa shi farfesan shari'a, na farko a tarihin ƙasar, kuma cikin ɗalibansa har da John Marshall, wanda ya zama alƙalin alƙalan Amurka.

Wythe ya tashi a gidan masu bayi, shi ma ya mallake su, amma daga baya ya 'yanta nasa. A 1806, a wata shari'a da wasu mata suka shigar suna neman 'yancinsu, ya yanke hukuncin cewa kowane ɗan Adam ɗa ne tun daga haihuwa, wanda kuma ya ce wani bawansa ne shi zai kawo hujja. Kotun ɗaukaka ƙara ta 'yanta matan saboda asalinsu na 'yan asalin nahiyar, amma ta yi watsi da hujjar Wythe.

A watan Mayun wannan shekarar ne Wythe da mai dafa masa abinci, Lydia Broadnax, da wani yaro baƙar fata mai suna Michael Brown suka kwanta ciwo a rana ɗaya. Yaron ya riga shi rasuwa, Lydia kuwa ta rayu. Zargi ya faɗa kan George Sweeney, jikan 'yar'uwar Wythe, wanda bashi ya yi wa katutu, kuma yana cikin magadansa. Wythe ya samu damar cire sunansa daga wasiyya kafin ya cika.

An ruwaito cewa Lydia ta ga Sweeney yana zuba wani abu a tukunyar kofi. Amma dokar Virginia ta hana baƙar fata ba da shaida a kan farar fata, likitoci kuma ba su tabbatar da gubar ba. Kotu ta wanke Sweeney daga laifin kisa.

An binne Wythe a harabar cocin St. John da ke Richmond. Littattafansa kuwa ya bar wa Jefferson.